Sukarin ɗana na hawa bayan ɗaga ƙarfe, ya faɗi cikin dare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Likitoci da iyayen da suka san wannan lalura, ku taimaka mini da shawara.

A Jidda muke zaune. Ɗana mai shekara 16 yana da ciwon sukari nau'i na 1, allurar insulin yake yi. Ɗan ƙwallo ne, kwanan nan kocinsu ya sa su fara ɗaga ƙarfe bayan la'asar.

Ranar ƙwallo sukarin sauka yake yi, dabino kaɗan sun wadatar. Ranar ƙarfe kuwa sai ya shiga awon sukarinsa na 130 ya fito yana 230. Likitansa ya ce adirenalin, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin aikin ƙarfi, shi ne ke sa hanta ta saki sukari. Damuwata ita ce in ya ƙara allura don ya sauke shi, kafin asuba sai mu tarar ya yi ƙasa da 70, riga sharkaf da gumi, hannu na karkarwa. Mahaifiyarsa barci ya ƙaurace mata.

Ba na son hana shi, ya ƙwallafa rai a kai. Rage allurar gyaran, wato wadda yake ƙarawa don sauke sukarin, ake yi, ko abincin dare ake ƙarawa? Ko tafiya a hankali bayan atisayen tana sauke shi? Me zan tambayi likitan idan mun koma?