Kwana biyar gare mu da Hajiya a tsibiran yammacin Sikotilan, ina za mu nufa?

Ɗan Funtuwa a Glasgow:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata huɗu a garin nan, amma in ka cire makaranta da masallaci da shagon da nake sayen nama, ban san ko'ina ba. Ƙarshen watan Yuni za a yi bikin yaye mu, kuma Hajiyarmu za ta zo in Allah ya yarda. Na tambaye ta me take son gani, ta ce ita kada a kai ta kantuna, teku take so, ta tsoma ƙafarta a ciki. Sau biyu ta bi ta Jidda, ta tagar mota kawai ta hango ruwan, abin yana ranta har yau.

Na zauna da taswira na jera Skye, da Harris, da Lewis, da Mull, da Iona, har da Barra, saboda na ji jirgin sama a kan rairayin bakin teku yake sauka a can. Maiɗakina ta leƙo ta ce wannan ai ba yawo ba ne, gudun fanfalaƙi ne. Mu huɗu ne, da 'yarmu mai shekara uku, za mu ɗauki hayar mota. Hajiya tana fama da gwiwa, matakala goma sai ta huta. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka da shawara: wanne za mu ɗauka, wanne za mu bari? Ya maganar abinci da salla?

Baban 'Yan Biyu, Aberdeen:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya alheri, ya kawo Hajiya lafiya. Matarka ta fi ka gaskiya. Taswira tana yaudara a yankin nan. Wuri biyu za ka gan su kamar ka miƙa hannu, alhali akwai wani harshen teku da ya kutso tsakaninsu, sai ka zagaye shi awa guda. Daga Glasgow zuwa Portree, babban garin Skye, awa biyar ne ko fiye, ban da tsayawar yara. Barra kuwa ka cire shi tun yanzu. Gaskiya ne a kan yashi jirgin yake sauka, shi ya sa ma lokacin tashinsa yake bin janyewar teku, amma tafiya ce ta daban.

Mu a watan Yuli muka je. Skye akwai gada tun 1995, kuma an daina karɓar kuɗin haye ta, don haka kowa can yake kwarara. Kyau kam akwai. Gidajen bakin tashar Portree jere suke, wannan ruwan hoda, wancan shuɗi, wancan ruwan ƙwai. Amma wuraren da ake yayatawa, irin su dutsen Old Man of Storr da hasumiyar fitila ta Neist Point, duk hawa da gangara ne. Mai ciwon gwiwa sai dai ta zauna a mota tana kallon bayan mutane.

Abin da ya tsaya mini a rai Harris ne. Daga Uig, a arewacin Skye, jirgin fito yana kai ka Tarbert cikin awa ɗaya da minti arba'in, motarka na cikinsa. Ka yanki tikitin motar tun yanzu, da bazara guri yana ƙarewa. Gabashin Harris dutse ne tsagwaron, toka-toka, da ƙananan tafkuna a tsakani, kamar wanda aka kankare wa ƙasa. Ina tuƙi ina tambayar kaina me ya zaunar da mutum a nan. Wani dattijo da muka sauka a gidansa ya ba ni amsa: ba su suka zaɓa ba. A ƙarni na 19 masu filaye suka tashi kakanninsu daga gefen yamma mai ƙasa mai kyau don a zuba tumaki, aka turo su kan duwatsu. Sai suka riƙa ɗebo ciyawar teku a kwando a baya, suna haɗa ta da 'yar ƙasar da suka samu, suna yin kunya a tsakanin duwatsu su shuka dankali. Har yau ana ganin sawun kunyoyin a jikin tudu, layi-layi. Ni da na tashi a gona, na daɗe a tsaye a wurin.

Ka juya yamma kuma sai Luskentyre: farin yashi, ruwa kore shar kamar an zuba shuni da ganye. Ka gan shi a hoto ka ce ƙasar zafi ce. Na tuɓe takalmi na shiga, ban yi minti ɗaya ba na fito da gudu, ƙafafuna kamar ba nawa ba. 'Yan biyu suka yi ta yi mini dariya.

A ƙauyukan za ka ji wani ƙwas-ƙwas-ƙwas daga 'yar rumfar da ke jikin gida. Masaƙa ce. Yadin ulun da ake kira Harris Tweed, dokar 1993 ta ce sai ɗan tsibirin ya saƙa shi a gidansa, ba da injin lantarki ba, kafin a buga masa hatimi. Da ƙafa suke taka ta kamar keke. Wanda ya san masaƙan garinmu ba zai ji baƙunta ba, sai dai nasu ƙyallen mai faɗi ne, ba ƙwarya-ƙwarya ba.

Kuskurena guda, kada ka maimaita. Mun isa daren Asabar, na ce da safe na sayi burodi da madara. Gari ya waye Lahadi, ko'ina a rufe. Mutanen Lewis da Harris Kiristoci ne masu riƙo, Lahadi a ƙauyukansu ba saye ba sayarwa, wasu ko shanya ba sa yi a waje. Garin kwaki da sukari suka cece mu ranar. Lewis da Harris tsibiri ɗaya ne, tsaunuka suka raba su. Awa guda daga Tarbert ka isa Stornoway, babban garin Lewis, kuma akwai ɗan masallaci a can da aka buɗe a 2018. A hanya ka ratsa Callanish, inda aka kakkafa dogayen duwatsu a tsaye tun shekaru wajen 5,000 da suka wuce, da Gearrannan, ƙauyen gidajen dutse masu jinka da aka zauna a ciki har 1974.

Anti Nas, Paisley:

Baban 'Yan Biyu, labarinka ya yi daɗi, amma ka manta da wa za a tafi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da yarinya 'yar shekara uku za ka ɗora a mota awa shida, sannan ka tura su teku? Ƙanena, ji nan. Ka nufi Oban, awa biyu da rabi zuwa uku daga Glasgow. Ku kwana a nan. Bakin ruwan garin shimfiɗe yake, akwai bencina, Hajiya za ta zauna ta ga jirage suna shiga suna fita har ta gaji. Washegari ku haye Mull, ƙasa da awa ɗaya ne zuwa Craignure, kuma ruwan yana cikin kariyar tsibirai, ba ya jijjiga mutum sosai.

Na kai mamata bara, ita ma da sanda take tafiya. Tobermory ya ishe ku ganin gidaje masu launi, titi ɗaya ne a bakin ruwa, ba hawa. Don tsoma ƙafa kuwa ku je Calgary, a arewa maso yammacin tsibirin. Mota tana zuwa kusa, sai ɗan taku a kan ciyawa ka samu yashi. Ku riƙe tawul da safa mai kauri da shayi a fulas, ruwan ko da bazara sanyinsa yana shiga ƙashi. Mamata ta tsoma ƙafa ɗaya ta yi salati, ta ce wannan ruwan randar aljanu ne, amma ba ta yarda mun tafi ba sai da ta tsoma ɗayar.

Iona minti goma ne a jirgin fito daga Fionnphort da ke Mull, baƙo ba ya shiga da mota, a nan ake barinta. Tsohon wurin ibadar Kirista ne tun shekarar 563, ƙarami, shiru. Tsibirin Staffa da tsuntsayensa masu jan baki ku bar wa wani zuwan, ƙaramin kwalekwale ne kuma sauka a kan dutse mai santsi.

Tuƙi: yawancin hanyoyin Mull faɗin mota ɗaya ne. An yi 'yan aljihu a gefe. In naka na hagu ne ka shiga, in na dama ne ka tsaya daidai da shi a hannunka, mai zuwa ya shiga. Ka ɗaga masa hannu, haka suke yi. Kuma tunkiya in ta kwanta a tsakiyar titi ba ta san hon ba.

Abinci, ku kama gida mai kicin, ku taho da namanku daga Glasgow a kula. Kifi ba a magana, amma in soyayye ne ka tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar, wasu suna yi. A karin kumallo in ka ga wani baƙin abu zagaye kamar ƙosai, da jini ake yin sa, ka ture. Ka kuma gaya wa Hajiya kada ta ɗauko maka kilishi, ba a shigowa da nama ƙasar nan, za a karɓe a filin jirgi ta yi ta jin haushi.

Almajirin Zariya:

Maganar salla, Malam, ka shirya Hajiya tun kafin ta taso. Ƙarshen Yuni a can rana ba ta faɗuwa sai bayan goman dare, kafin biyar na asuba kuma ta fito, kuma jan sararin nan ba ya gushewa gaba ɗaya. Ka karɓi jadawalin masallacinku na Glasgow, ka tambayi liman yadda suke yi da Isha da Asuba, da hukuncin ƙasaru da haɗawa tunda matafiya ne ku. Sannan ba wanda ya ambaci ƙyashin yankin. Ƙanana ne kamar ƙura, suna fitowa da yamma in iska ta kwanta, su shiga hijabi su shiga kunne. Na yi Magariba a bakin wani tafki, ban san yadda na yi sallama ba. Ku yi a ɗaki.

Baban 'Yan Biyu, Aberdeen:

Anti, na sallama. Ban ma faɗi dawowarmu ba: daga Stornoway zuwa Ullapool, a babban yankin ƙasar, awa biyu da rabi a jirgin fito, teku ta tashi, ni da nake cika baki na ƙare a banɗaki riƙe da bango, uwar yara na miƙo mini citta. Amma Malam, in Hajiya ta koma gida, ka samu kwana uku ka je Harris kai kaɗai.

Ɗan Funtuwa a Glasgow:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Na goge jerin nawa. Kwana ɗaya Oban, uku Mull, na ƙarshe mu dawo a hankali. Na karanta wa Hajiya amsoshinku ta waya, ta yi dariyar ruwan randar aljanu, ta ce ita ƙafa biyu za ta sa lokaci guda. Kilishin kuwa ashe har ta aika an yi mata a Funtuwa, yanzu ƙannena ne za su ci banza. Anti, gidan da kuka kama a Mull yana da matakala? Kuma jirgin na Oban, daga inda ake ajiye motoci zuwa sama akwai na'urar hawa, ko sai da ƙafa?