Dan Allah a taimaka, filas ɗina ya ƙi buɗewa kuma furojet ɗina gaba ɗaya yana ciki

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wanda ya san harkar kwamfuta ya taimaka min wlh tun jiya na kasa cin abinci. Filas ɗin da nake aikin furojet ɗina na digiri na biyu ne, babi na ɗaya har na huɗu suna ciki da duk amsoshin takardun tambayoyin da na raba a makarantun firamare na zauna na shigar ɗaya bayan ɗaya, har hotunan sunan Ihsan a ciki suke. Ƙanin mijina ne yazo ranar Asabar wai zai kai takardun neman aiki a buga masa yace in ara masa, ni kuma ba yadda zan yi in hana shi saboda tun maganar kuɗin makarantarsa na bara Hajiya take ganin kamar ni nake hana yayansa yi masa hidima, in nace a'a kafin magariba zance ya isa gidansu an ƙara masa gishiri, shi yasa na ba shi nace dan Allah ka kula min da shi yace haba Anti sai kace wani yaro, bai dawo da shi ba sai Litinin da daddare ya zaro min daga aljihun wando. Ina sawa a kwamfuta sai tace wai sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi. Sufabaiza kuma yace ƙarshen watan nan yake son komai. Ya zan yi?

Ummu Hanifa:
Innalillahi. Sannu 'yar uwa Allah ya fito miki da shi. Amma maganar dangin miji kam kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, ni ƙanwar mijina injin markaɗe na ta ara ta dawo min da shi a ƙone ko sannu babu, da nayi magana ni aka ba rashin gaskiya

Abban Sadiq:
Bairos ɗin shagunan buga takardu ne, ya sha yi min. Ki buɗe cmd, baƙin allon nan na rubuta umarni a Windows, ki rubuta harafin filas ɗin sannan attrib -h -r -s /s /d komai zai dawo. In bai yi ba ki sa chkdsk /f

Injiniya Bashir:
Hajiya kar ki taɓa komai tukuna, cire shi ki ajiye. Malam Abban Sadiq da girmamawa wannan ba ciwon da take faɗa ba ne. Bairos mai ɓoye fayil filas yana buɗewa lafiya lau, sai dai kaga foldoji sun koma gajerun hanyoyi wato shortcut, a nan attrib yake aiki. Ita nata baya buɗewa kwata-kwata, Windows na neman fomat, ma'ana teburin da yake nuna inda kowane fayil yake zaune ne ya lalace, yawanci in an fizge filas ana cikin rubutu a kansa ko wuta ta ɗauke. Kamar shago ne littafin lissafin kaya ya ɓata amma kayan suna nan a kan kanta. Kuma chkdsk gyara yake yi a kan filas ɗin kansa, in ya ga abin da bai gane ba sai ya yayyanka ya tara a wata folda FOUND.000, in ma filas ɗin ya koma RAW, wato Windows bata gane tsarinsa, ƙin yi zai yi gaba ɗaya. Hajiya ki danna dama a kan Start ki shiga Disk Management ki faɗa min girman da yake nunawa da abin da aka rubuta a gefensa.

Abban Sadiq:
To ni dai da chkdsk na ceto nawa Oga, ba labari aka bani ba

Injiniya Bashir:
Sa'a ka ci. Ba a gwada sa'a da digirin mutum.

Baba Ɗanjuma:
Ki naɗe shi a leda ki sa a firiza ya kwana, wani yaro ya yi min haka ya tashi

Injiniya Bashir:
Baba wannan tsohuwar dabara ce ta hard disk na kwamfuta mai faifai mai juyawa, shi ma ba a so. Filas ba abin da yake motsi a cikinsa, raɓa kawai zai jawo ta shiga allon ta ƙarasa shi.

Maman Ihsan:
Nagode kwarai. Injiniya ban da kwamfuta a hannu yanzu sai Abban Ihsan ya dawo da ta ofis. Amma yanzu baya cewa a yi fomat ɗin ai, yana buɗewa sai dai ba komai a ciki

Injiniya Bashir:
Tsaya Hajiya. Ya aka yi ya daina? Da kansa baya dainawa. Wa ya taɓa shi?

Maman Ihsan:
Da safe na kai wa yaron da yake min taifin a kusa da makaranta, shekara da shekaru shi yake min aiki ya san kan kwamfuta sosai, yace sai an fara buɗe shi sannan a sa manhajar dawo da fayil, to shi ya danna. Ni a tsaye nake ba a bayan idona akayi ba, kuma ya sa wani fayil ɗaya ya gwada yaga yana karɓa

Injiniya Bashir:
Wato an yi fomat kenan kuma an rubuta abu a kai. Wannan shi ya kamata ki fara faɗa kafin labarin ƙanin miji. Yanzu tambaya ɗaya, nan take ya gama ko ya daɗe layin yana tafiya a hankali? In mai saurin ne sabon tebur kawai ya shimfiɗa, yawancin bayanan suna nan a ƙasa. In cikakken ne, tun daga Windows Vista sifili yake bi yana rubutawa a kan filas ɗin gaba ɗaya, wannan ba manhajar da zata dawo da shi duk wanda yace miki zai iya kuɗinki yake so. Fayil ɗin gwajin nan kuma duk gurbin da ya hau ya danne abin da yake wurin.

Maman Ihsan:
Nan take ya gama ko zama ban yi ba. Kuma dan Allah a daina ganin laifin yaron, taimako ya yi niyya ko sisi bai karɓa ba, a lokacin ba wanda ya amsa min a nan ni kuma hankalina a tashe yake

Malama Rabi:
Wai ke duk wannan aikin baki ajiye a wani wuri ba? Google Drive giga 15 suke bayarwa kyauta fa, ko ki dinga tura wa kanki ta WhatsApp. Ni ɗalibaina ranar farko nake gaya musu

Maman Ihsan:
Malama kwamfutata tun bara allonta ya mutu, a ta ofishin maigida nake aiki da daddare kuma an hana su ajiye kayan waje a ciki, shi yasa komai a filas. Data kuma kin san yadda take yanzu ga yara ga hidimar gida. Shekara biyu ina amfani da shi bai taɓa min komai ba sai da ya fita daga hannuna

Sani Mai Waya:
Giga nawa ne kuma nawa kika saya? Dan jabu sun cika gari, a rubuta 64 a jiki alhali cikin bai fi 8 ba, kina wuce asalin girman sai ya fara cinye na baya. Ni wani ya haɗa ni da kwali guda na kawo shago kwastomomi suka dinga dawo min da su har da mai kawo min ɗan sanda, har yau ina bin mutumin kuɗina ya daina ɗaga waya. Ki sa H2testw ki gwada shi zai faɗa miki gaskiya

Injiniya Bashir:
Sani kar ka kashe ta. H2testw cika filas yake da nasa bayanan dan ya auna, yanzu da yake nuna ba komai a ciki zai bi ta kan furojet ɗin gaba ɗaya ya danne. Bayan an gama ceto a gwada. Hajiya ga abin yi kuma kar ki saurari kowa. A kwamfuta mai isasshen fili a sa Win32 Disk Imager a karanto filas ɗin gaba ɗayansa ya zama fayil guda, a kula Read za a danna ba Write ba. Daga nan a cire filas a ajiye, duk bincike a kan wannan kwafin za a yi, dan in guntun ajiyar da yake cikin filas ɗin ne yake mutuwa kowane sawa da cirewa rage masa kwana yake. Sai a sa PhotoRec, kyauta ce tare suke zuwa da TestDisk, kar sunan ya ruɗe ki ba hoto kaɗai take fitarwa ba har takardun Word. Bata duba tebur, bi take tana gane fayil daga farkonsa, shi yasa zasu fito ba sunayensu sai lambobi a foldojin recup_dir, sai kin zauna kin buɗe ɗaya-ɗaya. Kuma duk abin da ya fito a kwamfuta za a ajiye ba a filas ɗin ba. Hotunan suna ina sa ran zasu fito. Babi na huɗu ne nake jin tsoro, fayil ɗin da ake ta gyarawa ana ajiyewa a kan filas yakan warwatsu gutsi-gutsi, yana iya fitowa ya ƙi buɗewa, amma tsofaffin kwafinsa sukan fito su ma ki duba kowanne.

Abban Sadiq:
Duk wannan dogon turancin manhajar dawo da fayil ta Recuva kawai zata sa ta zaɓi bincike mai zurfi, dannawa uku ne. Baiwar Allah da ko kwamfuta bata da ita kake ce mata ta yi kwafi

Sani Mai Waya:
Ni dai ki kawo shi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a duba, akwai masu yi. In kuma ya gagara sai Computer Village a Legas

Injiniya Bashir:
Ba matsalar waldar bakin filas ba ce balle a kai wa mai gyaran waya, filas ɗin yana karantuwa. Masu cire guntun ajiya su karanta shi da na'ura sai in kwamfuta ta daina ganin girmansa gaba ɗaya.

Malama Rabi:
Babi na ɗaya zuwa uku ai kin buga kin kai wa sufabaiza, ki karɓo masu jan biron ki ɗauka da Google Lens ya mayar miki rubutu. Takardun tambayoyin kuma ki sake shigarwa, ki faɗa masa gaskiya ya ƙara miki lokaci

Maman Ihsan:
Malama baki san shi bane, wata 'yar ajinmu haihuwa ta yi ma bai ɗaga mata ba. Takardun tambayoyin kuma rabi suna gidanmu a Gumel rabi ruwa ya taɓa su da damina. Injiniya nagode amma kwamfutar ofis bata barin a sa sabuwar manhaja sai da izinin mai kula da su. Yaron yace in kawo gobe da safe yana da wata manhaja ta kuɗi da yake amfani da ita, ni dai ina ganin zan kai masa tunda shi ya san inda ya tsaya

Injiniya Bashir:
A kan me zai ajiye abin da ya fito? Ki tambaye shi wannan kafin ki miƙa masa.

Ummu Hanifa:
Shi ƙanin mijin naki wai ya ma san abin da ya jawo kuwa? Ni da nice sai yayansa ya ji

Maman Ihsan:
Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Injiniya kwafin nan da kace, in filas ɗin giga 32 ne dole sai an samu fili giga 32 ko iya girman fayilolin? Dan yaron yace kwamfutarsa ta kusa cika