Yaya ake hana rajista sau biyu ba tare da an kori marasa katin shaida ba?

Jama'a, masu rabon tallafi a birane masu tashar jiragen ruwa, a taimaka da shawara. Matsalar rajista ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Suna ɗaya ana rubuta shi iri uku saboda bambancin harshe, sai gida ɗaya ya karɓi kaso biyu, wata uwa ta koma da jaka wayam. In aka ce sai da katin shaida, an cire baƙi marasa takardu da ma'aikatan jiragen ruwa waɗanda aka yasar da su, su kuwa suka fi buƙata. Lambar waya ma ba ta raba gardama, gidaje uku kan haɗa waya ɗaya. Kati mai lamba da hoto zai wadatar? Wa zai riƙe bayanan, kada a farauci mutane da su?