Neman kalma: me za mu kira abin da Shrek 2 ya yi wa tatsuniya?

Malaman Hausa, masu fassara, da ku ma'abota kallon fim, ku matso kusa. Akwai kalmar da nake so mu yanke mata hukunci, wadda Turawa ke kira parody, wato a ɗauki sanannen aiki a juya shi don ban dariya. Fim ɗin da za mu auna ta da shi shi ne Shrek 2, katun ɗin da kamfanin DreamWorks na Amurka ya fitar a 2004, shekara uku bayan na farko, ya kuma tara fiye da dala miliyan 900 a duniya.

Sauran kalmomin ba su da wuya. Ci gaban fim dai 'yan Kannywood sun daɗe da raba gardama: kashi na biyu. Shi kuwa koren ƙaton nan Shrek, dodo ne, ba sai an je nesa ba.

To ga abin da fim ɗin ya yi. A tatsuniyoyin Turawa, dodo ne ke tsare gimbiya, kyakkyawan yarima ya zo ya cece ta. A nan dodon ne ango, ya ɗauki amaryarsa Fiona za su je gaida surukai a fada. Yariman kuwa shagwaɓaɓɓe ne, ba abin da ya dame shi sai gyaran sumarsa. Aljanar nan mai sandar tsafi da ke share wa Sindarela, yarinyar wata tatsuniyar Turawa, hawaye, a nan 'yar kasuwa ce mai masana'antar haɗa magunguna da tarin ma'aikata, ita ce ma muguwar labarin, burinta ɗanta yariman ya aure Fiona ko ta halin ƙaƙa.

Ku dubi kyanwan nan mai takalmi na cikin fim ɗin. A tatsuniyar da Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697, dabara ya yi wa dodo har ya rikiɗa ya zama ɓera, ya cinye shi. A fim ɗin ma hayarsa aka ɗauka ya kashe dodo, wato Shrek, amma yana tsaka da cika baki sai gashin da ya haɗiye ya shaƙe shi, ya zube yana kakari. Wanda bai san tsohon labarin ba zai yi dariya. Wanda ya san shi zai yi sau biyu. Wannan dariya ta biyun ita muke nema wa suna.

Wasu za su kawo kalmar kwaikwayo. Ta yi faɗi da yawa, tunda wasan kwaikwayo ya riga ya haɗiye kowane irin wasa, har mai sa kuka. Barkwanci ma haka, don ana iya yin sa ba tare da an jingina da wani tsohon aiki ba.

Ba'a da izgili su na fi ƙi. Akwai raini a cikinsu, alhali wanda ya kalli fim ɗin ya san masu shi son tatsuniyoyin nan suke yi. Sarki, uban Fiona, asalinsa kwaɗo ne, akasin tatsuniyar da 'yan'uwa Grimm suka buga a Jamus a 1812 inda kwaɗo ke zama yarima. Da ya koma kwaɗonsa a ƙarshe, sarauniya ba ta guje shi ba. Mai izgili ba zai rubuta wannan wurin da irin wannan tausayi ba. Zambo kuwa mutum ake yi wa, da nufin a muzanta shi. Habaici yana ɓoye wanda ake nufi, shi kuma wannan salo dole sai ka gane tushensa kafin ya yi aiki.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne kamanci, sana'ar 'yan kama. Ku tuna yadda ɗan kama ke yi: ya ɗauki waƙar da kowa ya haddace, ya bar mata karinta da amshinta, ya cire baitocin ya zuba tuwo da miya da fura a gurbinsu. Ko ya gyara zama, ya ja murya irin ta malami mai karatu, amma duk bayanin na loma ne. Jama'a na dariya saboda kunnensu na jin asalin yana tafiya a ƙarƙashin na wasan, kuma ba wanda ya tashi daga wurin ya tsani waƙar. Daidai abin da Shrek 2 ya yi ke nan. Muna da abin tun kafin sinima ta zo ƙasar Hausa, muna kuma da sunansa.

Na san za a ce kamanci ya ɗamfaru da zancen abinci. Gaskiya ne, amma kalma tana buɗewa idan aka ba ta aiki. Jirgi a ruwa muka san shi, yau ga na ƙasa ga na sama. Za kuma a ce kamanci na nufin kamanni tsakanin abu biyu. Wannan ai ƙarin ƙarfi ne gare ta, domin sai aikin ya yi kama da na asali kafin a karkatar da shi.

Mu gwada ta a baki. "Shrek 2 kamancin tatsuniyoyin Turawa ne." "Yaran sun yi wa tallan nan kamanci." "Marubucin gwanin kamanci ne." Duk sun zauna, ba wadda harshe ya yi tuntuɓe a kanta.

Iyaka ɗaya zan sa mata. Idan manufar aikin ita ce caccakar wani shugaba ko tona asirin wata mummunar ɗabi'a, a bar wa zambo da habaici kayansu. Kamanci sai inda aka ɗauki sanannen aiki, waƙa ce ko tatsuniya ko fim, aka riƙe siffarsa aka juya cikinsa don a yi dariya. Duk mai wata kalmar da ta fi ta, ya kawo ta tare da jimla uku da ya gwada ta a ciki, mu auna.