Kwaɗon Rake da Kyankyaso: musayar waƙa kan 'yan zari-rugar Kwinsland

Ɗan Rake:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata shida a Birisben ta Ostireliya, kuma zari-ruga mai 'yan wasa 13 ta shiga jinina. Duk shekara jiharmu Kwinsland, masu riga ruwan hanta, tana karawa sau uku da New South Wales masu shuɗi, jihar da birnin Sidni yake ciki, gasar da ake kira State of Origin. Mu suna ce mana kwaɗin rake, mu kuma mu ce musu kyankyasai. Ga tarihin a ƙwar biyu, mai ja ya fito.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Ya ba ni basirar da ba ta gushewa.

Jihar rake ce, ga rana da zafi,
Mazanta ba su saba da ja da baya ba kuwa.

A 1908 aka fara gumurzu,
Sidni ta yi mana 43 babu ramawa.

Muka sha kashi shekara sha huɗu cur,
Sai 1922 muka san cinyewa.

Toowoomba ta ba mu maza masu ƙashi,
Suka koya wa Sidni sunkuyawa.

Sai kuɗin caca ya cika kulob ɗinsu,
Suka dinga sayen 'ya'yanmu da yawa.

A sa wa ɗanka rigar abokin gaba,
Ya zo har gida ya yi ma tumurmusawa.

Toowoomba gari ne a Kwinsland. A 1956 aka halatta injinan caca a kulob-kulob na New South Wales. Dokar lokacin kuwa, jihar da kake wasa ita kake wakilta. Daga 1959 ba mu ƙara ɗaukar gasar ba sai da aka sauya tsari.

Shuɗin Sidni:
Ɗan Rake, kuka kake ko waƙa?
Wa ya ɗaure ɗanku ya sa shi a jaka?
Yunwa ta koro shi, ya bar gonarka,
Ya zo birni ya ci abin da ya fi naka.

Shekara ashirin muna ta dukanka,
Kwaɗo, ina ƙahonka, ina farcenka?
In ruwa ya ɗauke wa zai ji kukanka?
Rami za ka koma, can ne gidanka.

Uwar Zaure:
Kai, Shuɗi, wannan ai cin fuska ne. Yaro ya kawo tarihi, kai ka kawo gori. Ƙanena Ɗan Rake, kada ka bar shi ya kwana.

Ɗan Rake:
Ba zai kwana ba, Yaya. Da amsa-amonsa zan rama.

Kyankyaso, duhu ne kaɗai gatanka,
A kunna fitila mu ga ƙarfinka,
Daren Lang Park aka haska a kanka,
Ka faɗa bayan tukunya da gudunka.

Beetson ya dawo, wanda ka ce naka,
Da tsufansa ya tuɓe shuɗin rigarka,
Ya sa ruwan hanta ya tsaya a gabanka,
Cronin ya sha hannu, je tambayi ɗanka.

Meninga yaro, bugu bakwai a sandarka,
Ko ɗaya bai kauce ba, duk a idonka,
20 da 10 aka tashi, riƙe lissafinka,
Ka kai wa 'yan Sidni su karanta maka.

Ranar 8 ga Yuli 1980 ke nan, wasan State of Origin na farko, a filin Lang Park na Birisben, a gaban mutum 33,210. Sanata Ron McAuliffe ne ya dage sai kowa ya buga wa jihar asalinsa. A Sidni da yawa sun ce wasan ba zai yi armashi ba, wai abokan kulob ɗaya ba za su iya dukan juna da gaske ba. To Arthur Beetson da Mick Cronin duk 'yan kulob ɗin Parramatta ne na Sidni, amma Cronin New South Wales ya buga wa. Beetson yana da shekara 35, haifaffen garin Roma ne a Kwinsland, amma bai taɓa sa rigar jiharsa ba sai a daren nan. Da ya kai wa Cronin hannu, magana ta ƙare. Mal Meninga kuwa a ranar ya cika shekara 20. Duk lokacin da na kalli tsohon hoton Beetson yana fitowa gaban tawaga, sai tsigar jikina ta tashi.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata, 'ya'yana. Ɗan Rake, ka buɗe da Mutaƙarab mai kyau, "Da sunan Ta'ala nake buɗe baki", kunne ya ji daɗi. Sai ka jefo 1908 a tsakiyar ɗango. Karanta shi da baki ka ji: dubu ɗaya da ɗari tara da takwas. Wane kari ne zai ɗauki wannan kaya? Kai kuma Shuɗi, ka haɗa "waƙa" da "jaka". Ƙa daban, ka daban. Sannan dukanku kun jingina da "naka, gidanka, idonka", wanda ko ɗan aji uku zai jera ɗari.

Baiti awo ne, kamar gwangwanin gero,
In ka cika shi da tsakuwa ya ɓaci.
Mai son tarihi ya je ga littafi,
Waƙa ba ta ɗaukar lissafin ɗan kasuwanci.

Shuɗin Sidni:
Allah ya gafarta Malam, da girmanka, amma ɗangonka na ƙarshe ya fi na kowa tsawo a zauren nan. Ƙirga gaɓoɓinsa. Kuma mawaƙan baka sun daɗe suna haɗa ƙa da ka, ba wanda ya tashi daga wajen kiɗa.

Malam Mai Aruli:
Wajen kiɗa ganga ce take rufa asiri. Nan rubutu muke yi. Ɗangon nawa kuwa Basiɗ ne da zihafi.

Ɗan Auta:
Zihafi ko zuƙewa, Baba Malam? Ni dai ga nawa:

Wally Lewis sarki ne na gaske,
Sau 8 ana ba shi gwarzon wasa,
Ni ina bayan Kwinsland har abada,
Kyankyaso sai dai a taka shi a ƙasa.

Uwar Zaure:
Madalla da Auta! Ko ya yi ɗingishi, gaskiya ya faɗa. Malam, ka bar yara su yi waƙa. Tun da aka fara ba ka gyara wa Shuɗi komai ba sai harafi ɗaya, Ɗan Rake kuwa ka rushe masa baiti guda. Mun gane inda ka karkata.

Malam Mai Aruli:
Hajiya, ni ban san shuɗi ba, ban san ruwan hanta ba. Dogon gaɓa da gajere na sani.

Shuɗin Sidni:
To na bar "ka", tunda an ce arha ce. Ɗan Rake, riƙe wannan:

Ka faɗi daren da ka ci, ka ɓoye saura,
1985 Mortimer ya ƙwace tuta,
A 2000 mun yi muku 56 da 16,
Uku a jere daga 2003, ko ka manta?

Kai mai kukan an sace maka 'ya'ya,
Greg Inglis ɗan wace jiha ne, faɗa ta!
A Kempsey aka yanke cibiyarsa,
Ƙasarmu ce, ka ɗauke ba ko kunyar sata.

Ya ajiye ƙwallo sau 18 a bayan layinmu,
Da hannun ɗanmu ka gina darajar taka ta banza ta.

Ɗan Auta:
Ɗangon ƙarshe ya faɗi a rijiya, Yaya Shuɗi. "Ta banza ta" kuma?

Uwar Zaure:
Kwana biyu ke nan shiru. Ɗan Rake, lafiya?

Ɗan Rake:
Lafiya lau, Yaya, aikin dare nake. Maganar Inglis ta yi min nauyi, ba zan yi ƙarya ba. A New South Wales aka haife shi, can ya girma, ya zo Birisben yana matashi, aka ba mu shi da dokar wancan lokaci. Shi ya sa a 2012 aka tsaurara, aka ce sai wanda ya zauna a jiha kafin ya cika shekara 13. Amma Shuɗi, ba kai za ka yi min wa'azin asali ba.

Ka ce cibiya, to mu tona cibiya,
Peter Sterling a Toowoomba ya faɗo duniya,
Ya sa shuɗinku, ba mu kai ƙara ba,
Mai hannu a tukunya ba ya kiran ɓarayin miya.

A 1995 an hana mu manya,
Vautin ya tattaro yaran da ba a sani ba a hanya,
2 da nema a Sidni, wasan farko,
Uku ba ko ɗaya, kuka koma da kunya.

Lockyer a Melbon ya tsinci ƙwallo,
Wadda ɗanku ya jefar don ruɗewar zuciya,
Daga 2006 har 2013, takwas a jere,
Yaron da aka haifa ya shiga makaranta bai ga shuɗi da kofi ba ko ɗaya.

Vautin shi ne kocinmu a 1995, Lockyer kuwa kyaftin ɗinmu a 2006. Malam, na san ɗangon ƙarshe ya zarce. Na bar shi haka, don shekara takwas ba ta shiga gwangwani. Ranar wasa in ka bi titin Caxton zuwa filin Lang Park, ba ka ganin komai sai ruwan hanta, tsoho da jikansa riga iri ɗaya. A bakin filin ga mutum-mutumin Wally Lewis ya ɗaga garkuwa sama, ga na Beetson, wanda ya rasu a 2011. Shi ne ɗan asalin ƙasar, wato Aborijin, na farko da ya zama kyaftin ɗin Ostireliya, a 1973. Na ga dattijo ya tsaya gabansa ya cire hula.

Malam Mai Aruli:
Baitin Sterling ya zauna daram, wannan na yarda. Sauran a sake awo. Kuma Shuɗi bai janye "jaka" ba har yanzu.

Shuɗin Sidni:
Ba zan janye ba, Malam. Ɗan Rake, a kan Beetson ba ni da zambo, na cire tawa hular. Amma ka sani:

Roma ta haifa, Sidni ta rena,
A nan ya zama gwarzon da kake yabo,
1974 da 1975 ya ɗaga kofi da Easts,
Dare ɗaya ya ba ka, mu muka ci rabo.

Saura 52 da 6 ta 2015, na san ita kake ɓoyo a aljihu. Fito da ita, ina da 2014 da 2024 a hannu.