Labarin ban tsoro marar dodo: tona asirin zalunci yake yi ko rufe shi?

Hadiza: Ni dai na tsaya a kan cewa labarin ban tsoro na shiru-shiru, wanda babu jini babu dodo, ya fi kowane rubutu nuna yadda ake danne 'yan mata. Gida lafiya lau, kowa na murmushi, amma ta waje ake kulle ƙofarta, wasiƙarta ma sai wani ya fara buɗewa. Duk mai tauye ta cewa yake don amfaninta ne. Abin da ke tayar da tsigar jiki ke nan.

Malam Sani: Ban yarda ba, Hadiza. Sau da yawa haukacewa yarinyar take yi a ƙarshe. Mai karatu sai ya ce ai dama ba ta da lafiya, wanda ya kulle ta kuwa ya sha. A kira zalunci da sunansa mana.

Hadiza: Malam, duba "The Yellow Wallpaper" na Charlotte Perkins Gilman, wanda ya fito a Amurka a 1892. Ita kanta a 1887 likita Silas Weir Mitchell ya ɗora ta a kan maganin hutu, ya ce kada aikin tunaninta ya wuce awa biyu a rana, kada ta ƙara taɓa alƙalami. A labarin, miji likita ne, ya ajiye matarsa a ɗakin bene mai tagogin ƙarfe, tana rubutu a ɓoye, har ta fara ganin wata mace tana rarrafe a bayan zanen bango. Wa zai gama karantawa bai san wanda ya haukata ta ba?

Anti Binta: Gaskiyarki, 'yata. Rashin tabbas ɗin nan, fatalwa ce ko idonta ne, shi ne ainihin halin wadda ba a taɓa gaskata maganarta ba. Mai karatu ya fara shakkarta, sai ya farga ya shiga sahun mutanen gidan. Wallahi abin yana sosa min rai.

Malam Sani: Wannan na karɓa, Anti. Amma har yanzu damuwata tana nan. Me ya sa mafita ba ta wuce hauka ko mutuwa? Yarinyar da ke cikin irin wannan ƙunci idan ta karanta, me aka ba ta?

Anti Binta: An nuna mata cewa wani ya ga abin da ake yi mata.

Malam Sani: Gani kawai bai isa ba. Ina so in karanta wanda ta buɗe ƙofar ta fita da hankalinta.