Wace irin jaka zan saya wa magena mai tsoro? Tafiya ce daga Kano zuwa Abuja

Maman_Alawa:

Assalamu alaikum masu kiwon maguna, dan Allah a taimaka min da shawara. An yi wa maigidana canjin wajen aiki zuwa Abuja, ƙarshen watan Afrilun nan za mu tashi daga Kano da motar gida, ni kuma na ce ba inda za ni in bar magena Alawa. Shekararta uku a hannuna, tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bayan teburin mai shayin unguwarmu, to matsalar Allah ya yi ta da tsoro, baƙo yana sallama ta shige ƙarƙashin gado ke nan sai ya tafi, ranar da aka tada janareto kusa da taga kuwa ko abinci ba ta ci.

Sau ɗaya tak na taɓa fita da ita, lokacin da za a yi mata allurar haukan kare, a kwalin taliya na sa ta na huhhuda na ɗaure da igiya, wlh kafin mu kai ta yi fitsari kwalin ya jiƙe ta ɓarke gindinsa ta fito a cikin adaidaita sahu, da kyar na lulluɓe ta da hijabina, har yau da tabon yakushinta a hannuna. Tafiyar minti 20 ce fa wannan, to ina ga ta sama da kilomita 400.

Na ga jakunkunan nan masu laushi a intanet, masu raga a gefe da zif, akwai kuma wata ta goyo mai gilashin roba kamar taga da 'yan mata suke yayi, ita ce ma ta fi burge ni gaskiya. Wacce ta dace? Kuma wane girma? Surukata cewa take in sa ta a buhu kawai a jefa a but, ko in bar ta tunda wai mage gida take so ba mutum ba.

Uwar_Maguna:

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Ta goyon nan mai gilashi cire ta daga ranki tun yanzu, ta hoto ce. Robar nan rana na dukanta cikin ya zama kamar tanda, ramukan iskar 'yan ƙanana ne, kuma mage mai tsoro ba kallon duniya take so ba, ɓuya take so, ke kuma kin ɗora ta a taga kowa na wucewa tana gani. Sannan yawancinsu a tsaye suke, ba wajen miƙewa, awa shida ko bakwai a tsugune ai azaba ce.

Ni maguna huɗu gare ni kuma duk da jaka mai laushi nake kai su asibiti, abin da nake fara dubawa zif ne kafin kala kafin komai. Mage tana da wayo, in ta ga 'yar kafa tsakanin kawunan zif biyu sai ta cusa hanci ta yi ta turawa har ya zuge, tawa babbar ta taɓa yi min haka muna tsaye a danja. Ki nemi mai kawuna biyu da suke haɗuwa, ki sa musu ƙaramin kwaɗon nan na jakar matafiya, ko ki ɗaure su da zare mai ƙwari. Sai ragar, ki sa farcenki ki karce ta sosai a gaban mai shagon kar ki ji kunya, in irin ta gidan sauro ce mai taushi ki ajiye masa abarsa, wadda ake so ita ce mai kauri da take kamar an shafa mata roba. Ki juya jakar ki duba ɗinkin inda raga ta haɗu da yadi, nan ne yake fara buɗewa.

Gindinta kuma lallai ya zama da tauri, in kin ɗaga ta da nauyi a ciki kar ta lotsa a tsakiya, don in ƙasa na lanƙwashewa a ƙarƙashin ƙafarta ji take kamar za ta faɗi, nan take ƙara haukacewa. In kin samu mai kyau amma gindin ba ƙwari ki kai wa kafinta ya yanko miki katako siriri daidai faɗin, ki naɗe da tsohon tawul. Kuma ki samu mai buɗewa ta sama ban da ƙofar gaba, tura mage ta ƙofar gaba tana turjewa da ƙafa huɗu sai wanda ya gwada, ta sama kuwa naɗe ta za ki yi a tawul ki zura ki zuge.

Girma: ki ɗauki tef ɗin tela ki auna ta daga hanci zuwa gindin wutsiya, jakar ta kai kamar tsawon nan da rabinsa, yadda za ta iya tashi tsaye ta juya ta kwanta. Kar ki ce bari ki sayi ƙatuwa don ta sake, duk birkin da aka taka sai ta gangara daga wannan bango zuwa wancan.

DanZazzau:

Hajiya ki yi haƙuri ni fa ina da ja a nan. Magen da ta fasa kwali a minti 20 ita za a ba jakar yadi? Duk abin da Uwar_Maguna ta faɗa gaskiya ne amma ga mage mai kuka kawai ko mai lafewa a lungu. Akwai mai tsoron da ke daskarewa, akwai mai tsoron da ke faɗa, ta Maman Alawa daga labarin nan mai faɗa ce. Muzuruna haka yake, na saya masa mai laushi da tsadarta, daga Zariya kafin mu kai Kwanar Dangora ya huda ragar da haƙori ya fito da kai, sauran tafiyar da hannu na toshe ramin yana cizona. Tun daga ranar na koma ta roba mai tauri mai ƙofar ƙarfe, wadda ake ɓalle samanta gaba ɗaya, ko a asibiti ba a jawo shi, murfin ake cirewa likita ya duba shi yana kwance a ciki. Ga sauƙin wanki, in ya yi fitsari ko amai ruwa da omo ne kawai, ta yadi kuwa warin nan sai ya yi sati.

Ita mai laushi amfaninta babba a jirgi ne saboda tana lanƙwasuwa ta shiga ƙarƙashin kujera, shi ya sa kamfanonin jirgi da yawa suke son ta kuma suke ƙayyade kilo 8 har da jakar. Ku da za ku da motar gida me ya kai ku.

Abu ɗaya da zan roƙe ki ko wacce kika saya, a hanya kar ki buɗe. Za a tsaya a shingen jami'ai, wani zai leƙo ya ji kuka ya ce mene ne a ciki, ki ɗaga abin da kika yafa wa jakar ya gani ta raga, in ya dage sai an buɗe to a rufe gilasai da ƙofofi tukuna. Mage ta kuɓuce a bakin titin Kaduna ta faɗa daji ko sunanta kika kira har magariba ba za ta fito ba.

Uwar_Maguna:

Malam ban ƙi taka ba, amma kwali jiƙaƙƙe ko ɗan yaye ya fasa shi, ba a auna mage da wannan. Kuma ta robar mai kyau ba ko'ina ake samu ba, wadda na gani a kasuwa maƙallanta kamar biskit. Ta gwada mai laushin a gida tukuna tunda akwai sauran kusan sati uku, in ta ga tana cizon raga sai ta canza.

Dalibar_likitan_dabbobi:

Anti sannu da ƙoƙari. Ni ina karatun likitan dabbobi ne ban gama ba, don haka abin da zan faɗa ki ƙara tabbatarwa wajen likitan da ya yi mata allura. Duk su biyun suna da gaskiya, amma ni abin da ya fi tsorata ni a labarinki watan da za ku yi tafiyar ne. Afrilu a Kano zafi yana haura digiri 40, mage kuma ba ta gumi irin namu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, in kika ga ta buɗe baki tana haki kamar kare to ba ƙaramin abu ba ne, a tsaya a inuwa a jiƙa tsumma da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, a shafa mata a ƙafafu da ciki. Maganar but ko buhu dan Allah a bar ta, a but ba iska ga zafin salansa daga ƙasa. Ku fita da asuba, a kunna esi, kuma in an tsaya sallah ko cin abinci kar a bar ta a mota a rufe ko na minti goma, jakar ai tana da hannu a fito da ita. Wajen ajiyewa mafi aminci shi ne ƙasa a bayan kujerar gaba inda ba za ta yi tsalle ba in an taka birki, kuma rana ba ta kai wa can sosai, in ba wuri a ɗora a kujerar baya a zarga bel. Ki yafa wa jakar zani mara nauyi ya rufe gefe biyu ko uku, ki bar ɗaya don iska, duhun yana kwantar musu da hankali.

Sai babban gargaɗi, kar wani ya ce ki ba ta farasitamol ko maganin mura wai ta yi barci. Farasitamol guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Akwai maganin da likitoci suke rubutawa don irin wannan tsoron, gabapentin, ana bayarwa kamar awa biyu kafin a tashi, amma likita ne zai auna nauyinta ya faɗi adadi, kuma gara a gwada sau ɗaya a gida kafin ranar a ga yadda yake mata. Akwai kuma wani feshi Feliway da ake fesawa a cikin jakar, in kin samu ki fesa ki bar shi minti 15 ya sha iska kafin ki sa ta, wasu magunan yana musu aiki wasu ko a jikinsu. Kar a fesa turare ko maganin sauro a ciki.

Aikin gaske a sati ukun nan yake. Ki sayo jakar gobe in da hali, ki buɗe duk ƙofofinta ki ajiye a inda take son kwanciya, tunda ƙarƙashin gado ne mafakarta ki tura ta bakin gadon, ki sa tsohuwar rigarki da ba a wanke ba a ciki, kar ki kama ta ki cusa, ki dinga ajiye ɗan kifi ko tsokar kaza a bakin jakar, gobe ki matsar ciki kaɗan, jibi can ƙurya. In ta fara shiga da kanta ki zuge na minti ɗaya ki buɗe, sai biyar, sai ki ɗauka ki zaga tsakar gida, daga baya maigidanki ya zaga da ku unguwa a mota. A nan za ki gane ko irin muzurun DanZazzau ce. Ranar tafiya kar ta ci abinci awa huɗu zuwa shida kafin tashi saboda amai, ruwa dai a bar mata, ki shimfiɗa famfas ɗin yara a ƙasan tawul ki riƙe wasu biyu na canji da leda.

Baba_Alhaji_Fagge:

'Yata Allah ya ba ki lada. Mu da muna yara buhu ake sa mage in ana so a kai ta nesa a yar, shi ne abin da surukarki ta sani, kar ki ga laifinta. Ki faɗa mata da ladabi hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, yana cikin Bukhari da Muslim, za ta fahimta. Barin ta a gidan da ba kowa ma ai wannan ne. Kuma in kun isa ki kulle ta ɗaki ɗaya da jakar da abincinta da ƙasar da take kashi, kar ta leƙa waje sai ta yi sati biyu ko fi, in ba haka ba za ta fita neman tsohon gida.

Maman_Alawa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba amin na gode. Na shiga Sabon Gari shekaranjiya ban samu ba sai wata ƙawata ta haɗa ni da mai kawowa daga Legas, na sa ta yi min bidiyo tana karce ragar da makulli kafin na tura kuɗi, dariya ta dinga yi min. Jakar ta iso jiya, mai buɗewa ta sama ce da gaba, gindin dai sai da kafinta ya sa hannu kamar yadda Anti Uwar_Maguna ta ce, kwaɗo kuma na cire na akwatin lefena. Daren jiya Alawa ko kallonta ba ta yi ba, ta zagaye ta nesa kamar ta ga maciji, amma da asuba na tarar kifin da na sa a bakin ƙofar babu, na can ciki yana nan. Malam DanZazzau ina riƙe da maganarka, maigidan ma ya ce in ta ciji raga ko sau ɗaya ta roba za mu nema. Likita ya ce in kawo ta ranar Asabar a auna nauyinta saboda maganin nan, to yanzu tambayata, in kai ta a sabuwar jakar ne ko hakan zai sa ta tsane ta tun ba a je ko'ina ba?

Dalibar_likitan_dabbobi:

A'a Anti kar ki ɓata aikin da kika fara. Ki hau sikeli ke kaɗai, ki sake hawa kina rungume da ita, ki cire na farko daga na biyu, sai ki kira likitan ki faɗa masa ki ji ko zai yarda da haka. In ya ce lallai sai ya gan ta ki tambaya ko yana zuwa gida.